Tambaya da Amsa: Turawan bakin daji a yaƙin 'yancin Amurka, su ma irin namu ne?

Tambaya: Salamu alaikum Dakta. Ni malamin tarihi ne a sakandare kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Na faɗa wa ɗalibaina cewa Turawan da suka zauna can bakin daji bayan duwatsun Afalashiya talakawa ne da suka tashi suka kori Ingila kamar yadda namu suka kori Turawan mulki. Sai wani yaro ya ce to Indiyawan da ke ƙasar, wato 'yan asalin Amurka, fa, bayan wa suka bi? Na rasa ta cewa. Ba dai ƙarya nake koya wa 'ya'yan mutane ba ko?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Rabin maganarka daidai ne, ɗaya rabin kuma yaron nan ya kama ka.

Yaƙi kam sun yi. A 1780 Manjo Patrick Ferguson na sojan Ingila ya aika musu saƙon cewa in ba su ajiye makamai ba zai tsallako duwatsun ya rataye shugabanninsu ya ƙone gonakinsu, su kuwa ba su jira shi ba, suka taru a Sycamore Shoals su Isaac Shelby da John Sevier, suka hau dawaki suka cim masa a tsaunin Kings Mountain ran 7 ga Oktoba, cikin kamar awa guda an kashe shi da mutanensa da dama an kame sauran, dole Janar Cornwallis, kwamandan sojan Ingila a kudu, ya ja da baya daga Karolina ta Arewa. Su ma mutanen Ferguson 'yan Amurka ne masu biyayya ga Sarkin Ingila, shi kaɗai ne ɗan Birtaniya a filin.

Amma wannan magana ta "kamar namu" ita ce ke damuna, kullum sai na ci karo da ita, a aji, a Facebook, har a bakin masu sharhi a rediyo waɗanda ko shafi ɗaya ba su karanta ba, wai ai Amurka ma an yi mata mulkin mallaka kamar Najeriya. Haba! Su waye 'yan mulkin mallakan a can? Ai su ɗin ne. Baƙi ne da suka zo suka zauna a ƙasar ƙabilun Indiyawa irin su Cherokee da Shawnee, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka haɗa su faɗa da Landan shi ne a 1763 Sarki George na Uku ya ja layi a bisa duwatsun ya ce kada Bature ya wuce yamma ya kafa gida. Ba don ƙaunar Indiyawa ya yi ba, kuɗin yaƙi ne ya ishe shi. Su kuwa gona suke so, manyansu irin George Washington ma suna da filaye a yankin kogin Ohio suna jiran su yi tsada.

Shi ya sa yawancin ƙabilun suka bi Ingila, sun san wanda ke cin iyakarsu. Cherokee sun kai hari a 1776 aka ƙone musu garuruwa. A Maris 1782 kuwa a Gnadenhutten, mayaƙan sa-kai daga Fensilbaniya suka kashe mutum 96 'yan ƙabilar Lenape, Kiristoci ne marasa makami, da mata da yara, kuma ba a hukunta kowa ba. Da aka zo sulhu a Paris a 1783 Ingila ta miƙa wa Amurka ƙasa har kogin Misisifi, ko sunan ƙawayenta Indiyawa ba ta ambata a takardar ba.

In kana neman abin kwatance a Afirka, Malam, ka bar su Sa'adu Zungur da Aminu Kano, ka nufi Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu), inda Firayim Minista Ian Smith ya ayyana 'yancin Turawa 'yan kaka-gida daga Birtaniya a Nuwamba 1965, har salon takardar ayyana 'yancin Amurka ta 1776 ya kwaikwaya. Ka koma aji ka ba su labarin Kings Mountain da na Gnadenhutten a darasi ɗaya, kuma yaron nan ka ƙara masa maki.