Kan hujjar motsi

Malam, ka tambaya ko motsin da ke cikin halitta ya isa hujja cewa akwai Allah. Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya ce duk mai motsi akwai abin da ya motsa shi, kuma wannan jerin na masu motsa juna dole ya tsaya wani wuri. Kamar cunkoson Agege a Legas ne, danfon (motar haya) da kake ciki ba ya gusawa sai na gaba ya gusa, to wa ya fara? Sai dai a 1687 Newton, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya nuna abin da ke tafiya ba ya buƙatar mai turawa, gogayya ce ke tsayar da shi. Ni dai na fi natsuwa da hanyar Ibn Sina, masanin falsafa Musulmi, wanda ya kafa hujjarsa kan samuwar abu ita kanta, ba kan motsinsa ba. Ibn Rushd kuwa, wani masanin falsafa Musulmi, bai yarda da hujjar Ibn Sina ba.