Hukuncin rubuta labari mai tada hankali akan sirrin gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, dan Allah tambayata akan irin nobel ɗin nan ne masu rikita kwakwalwa, wanda zakaga an kulle yarinya a ɗaki shekara da shekaru, ko an mata wani abu tun tana ƙarama ta taso bata yarda da kowa ba, ƙarshe a gano wani mugun sirri ne dangi suka binne. Ina karantasu sosai yanzu har na fara rubuta nawa, kuma gaskiya wani ɓangaren abinda ya faru a gidanmu ne. Wata tace min ƙarya ce kuma tonon asiri ne, haramun. Ya abin yake?

AMSA: Wa alaikumussalam wa rahmatullah. Toh 'yar uwa, maganar ƙarya bata taso ba. Ƙarya itace ki faɗi abu kina so a ɗauka ya faru alhali bai faru ba, shi kuwa ƙagaggen labari ke da mai karatu duk kun san ƙirƙira ce, buga misali ne. Hariri, shahararren marubucin Larabci, ya rasu tun shekara ta 516 bayan hijira, maƙamominsa, wato gajerun labaran da ya rubuta, duk ƙirƙira ne kuma malamai basu daina karantar dasu ba.

Duhun labari shima ba shine ke haramta shi ba. Buɗe Suratu Yusuf ki gani, 'yan uwa sun jefa ƙaninsu rijiya, sun zo da riga da jinin ƙarya, sun riƙe sirrin nan shekaru suna zaune gida ɗaya da mahaifinsu, shi kuma baƙin ciki ya cinye shi har idanunsa sukayi fari kamar yadda aya ta 84 ta faɗa, ga kurkuku ga kaɗaici da Yusuf ya sha, amma Allah ya kira wannan labarin mafi kyawun labari. Abin lura shine yadda aka bada shi. Wajen da matar Aziz ta kulle ƙofofi an faɗi abinda ya faru cikin kalmomi kaɗan masu tsafta an wuce. Anan ne marubuta da yawa ke zamewa wallahi, sai a tsaya ana zana fyaɗe ko azabtarwa dalla dalla har mai karatu ya koma kallo yakeyi, ko a koyar da yadda ake kashe kai ko sa guba mataki mataki. Wannan bai halatta ba, Suratun Nur aya ta 19 tayi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Ki nuna raɗaɗin da abin ya bari, rashin bacci, firgita, tsoron mutane, ba sai kin nuna aikin kansa ba.

Inda nafi so ki tsaya shine maganar gidanku. In kika rubuta ta yadda duk wanda ya sanku zai gane wane ake nufi, canza suna bai fitar dake ba, giba ce, in kuma kin ƙara abinda baiyi ba dan labari yayi armashi ya zama ƙazafi, kuma akwai waɗanda abin ya shafa da basu baki izini ba, wataƙila wata 'yar uwarki ce aka cutar ta kwashe shekaru tana ƙoƙarin mantawa. Dan haka ki sauya komai har ya zama ba'a iya ganewa, ki ɗauki ciwon ki bar mutanen.

Amma kar ki fahimci cewa ina ce miki kiyi shiru akan zalunci, a'a. Mutane na kawo hadisin wanda ya rufa asirin musulmi Allah zai rufa masa, suna toshe bakin yara dashi, wannan amfani ne da hadisi ba a muhallinsa ba kuma yana min ciwo matuƙa. Rufin asiri na wanda ya zame ne tsakaninsa da Ubangijinsa, banda wanda ke cutar da wani. Suratun Nisa'i aya ta 148 ta bawa wanda aka zalunta damar faɗa, Hindu bint Utba ma ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan gaban Annabi (SAW) bai hanata ba, yana cikin Bukhari da Muslim. In har abin yana ci gaba, ko akwai yaron da ke cikin haɗari yanzu, wajibi ne a kai maganar wajen wanda zai iya hanawa, nobel bazai ceci yaron ba.

Karatun kuma halal ne matuƙar babu batsa kuma bai cinye miki sallah ba. Sai dai ki duba kanki, tunda kince abin ya taɓa ki, in kinga bayan karatu ko rubutu kina kasa bacci, kina guje wa mutane, tunanin cutar da kanki na zuwa miki, toh a haƙƙinki ki ajiye shi tukunna saboda ƙa'idar la darara wa la dirar, wato ba cuta ba cutarwa, ki nemi likitan kwakwalwa ki samu wanda kika amince dashi kuyi magana, neman magani baya cin karo da tawakkali. In kin samu sauƙi sai ki koma kan rubutunki.

Wallahu a'alam.