Tambaya da Amsa: Macijin Keji da Haƙƙin da Ke Wuyan Mai Shi

TAMBAYA: Malam, tun ina yaro nake sha'awar macizai, yanzu kuma an yi mini tallar ƙaramar mesar nan da take dunƙulewa idan ta tsorata. Mai sayarwar ya ce daga daji aka kamo ta, don haka ta fi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo ƙwari, ga kuma sauƙin kuɗi. Tunda ba ta da dafi, kuma na yi niyyar kula da ita, akwai laifi idan na saya?

AMSA: Malam, a maganar mai sayarwar nan sauƙin kuɗin ne kaɗai gaskiya. Mesar da ta girma a daji tana da ƙwari a dajinta, amma daga ranar da aka tono ta daga ramin ɓera ko daga suri, aka jefa ta a buhu, ta bi hannun mafarauci da dillali da mai safara, ƙwarin nan zubewa yake yi. Yawanci takan iso hannun mai saye da kaska a maƙale ƙarƙashin ɓawon fatarta, da tsutsar ciki, da ƙishirwa, wani lokacin har da rauni a baki. Mafi wuyar sha'ani kuma shi ne ƙin cin abinci, domin dabbar da ta saba farautar abin da ta sani cikin dare ba lalle ta karɓi ɓeran da aka miƙo mata a keji ba. Rangwamen da aka yi maka a wurin saye, likitan dabbobi ne zai karɓe shi, in ma dabbar ta rayu.

Irin wannan mesa tana cikin macizan da aka fi ciniki a duniya, kuma ƙasashen Togo da Benin da Ghana ne kan gaba wajen fitar da ita zuwa Amurka da Turai da Asiya. Akwai wata hanya da masu wannan sana'a suke bi wadda ya kamata mai saye ya sani: akan kamo matan da ke ɗauke da ƙwai, ko a kwaso ƙwan daga rami, a ƙyanƙyashe su a gidan gona, a fitar da 'ya'yan da sunan na kiwo ne. A takarda na kiwo ne, amma asalinsu daga daji aka ɗebo su. Yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, ta sa wannan mesa a rukuni na biyu, wato an yarda a yi cinikinta tsakanin ƙasashe amma sai da takardar izini. Sai dai takarda ba ta bin dabba har ɗakin wanda ya saye ta. A 2021 kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta mayar da ita cikin jerin dabbobin da suka kusa shiga barazanar ƙarewa. Wanda ya fara jin raguwarta a jikinsa shi ne manomi, domin abincinta ɓeraye ne masu ɓarnar amfanin gona.

Wasu sukan ce tausayi ne ya sa suka saya, don su ceto dabbar daga hannun mai sayarwa. Niyyar tana da kyau, amma kuɗin da aka biya shi ne zai sa a koma daji a tono wata. Shawarata ita ce kada ka saya.

Idan sha'awar ta ƙi barinka, nemi wadda iyayenta ma a hannun mai kiwo aka haife su, ka tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe ta da abin da take ci, ka kuma binciki dokar inda kake zaune. Ka guji nau'in da aka haɗa don kwalliyar fata kawai, musamman mai zane kamar saƙar gizo-gizo, wanda ake haifa da larurar rawar kai da karkacewar wuya da ba ta warkewa. Sannan ka yi lissafin shekaru tun yanzu. Wannan dabba takan rayu shekara 20 zuwa 30 a keji, kuma a 2020 wata mai kimanin shekara 62 ta saka ƙwai bakwai a gidan namun daji na Sent Luwis a Amurka. Wa zai riƙe ta idan aiki ya ɗauke ka, ko iyali suka ce ba za su zauna da ita ba?

TAMBAYA: Ɗana matashi ya ajiye irin wannan mesa a cikin akwatin roba, yana jefa mata ɓera mai rai. Yau makonni ke nan ba ta ci komai ba, amma ya ce lafiyarta ƙalau tunda tana kwance ba ta damun kowa. Ga shi kuma ina da ƙananan yara a gidan.

AMSA: Hajiya, kalmar nan ta ɗanki, cewa tana kwance ba ta damun kowa, ita ce ta fi kashe macizan keji. Kare yakan yi kuka, kyanwa takan bi mutum tana roƙo, amma maciji ba shi da murya, fuskarsa kuma ba ta sauyawa, saboda haka mai jin daɗi da mai jinya duk kamanninsu ɗaya ne ga wanda bai san alamu ba. Gaskiya ne irin wannan mesa takan yi makonni, har watanni, ba ta ci ba alhali lafiyarta lau. Abin da zai raba gardama shi ne sikeli. A riƙa auna ta lokaci-lokaci, idan nauyinta yana raguwa, ko ƙashin bayanta ya fara fitowa kamar tsini, to ba hutun cin abinci take yi ba. Idan tana numfashi baki buɗe, ko ana jin shesheƙa, ko ana ganin kumfa a bakinta, ciwon huhu ne ake zargi, kuma a kai ta wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, daga muhallinsa yake samu, kuma da wannan ɗumin yake narkar da abinci. Don haka dole kejin ya zama yana da ɓangare mai ɗumi, wajen digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Selshiyos, da ɓangare mai sanyi-sanyi, wajen digiri 25, domin ta zaɓi inda za ta kwanta. Abin ɗumamawar kuma sai da na'urar da ke kashe shi idan zafin ya wuce kima, saboda maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai matsa ba. Tana bukatar maɓoya biyu, ɗaya a kowane ɓangare, da kwanon ruwan da za ta iya shiga, da isasshen danshi. Shaidar danshi ita ce saɓa. Kafin ta yi saɓa idanunta sukan yi dishi-dishi kamar an shafa musu madara, bayan 'yan kwanaki kuma sai ta tuɓe fatar gaba ɗaya a haɗe. Idan fatar tana fita guntu-guntu, tana maƙalewa a kan ido ko a ƙarshen wutsiya, kejin ya bushe da yawa, kuma wadda ta maƙale a wutsiya tana iya shaƙe jini har wurin ya mutu.

Batun girman keji akwai jayayya a kansa. Masu kiwo don kasuwa da yawa suna jera macizai a cikin akwatuna masu kama da aljihun tebur, suna cewa dabbar rami ce, ba ta son fili. Ni ban gamsu ba. Dabbar rami ce da rana, amma da dare takan fito ta yi yawo, ƙanananta da mazanta har bishiya suke hawa. Babbarta takan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma mafi ƙarancin haƙƙinta shi ne wurin da za ta miƙe jikinta gaba ɗaya.

Ɓera mai rai kuwa cutarwa ce ga dabbobi biyu. Ɓeran yana mutuwa cikin firgici, idan kuma mesar ba ta jin yunwa aka bar su tare, shi ne zai juyo ya gaigaye mata baya har ga ƙashi. A saba mata da wanda aka riga aka kashe aka daskarar, a narkar da shi, a ɗumama kafin a ba ta, sannan kada a ɗauke ta sai bayan kamar kwana biyu, don kada ta amayar.

Game da yaranki, haɗarin da ya fi kusa ba sara ba ne, ƙwayar cutar salmonela ce, wadda macizai masu lafiya ma suke ɗauke da ita a kashinsu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su taɓa irin waɗannan dabbobi. A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kada a wanke kwanonta inda ake wanke kwanukan abinci, kejin kuma ya kasance da makulli.

TAMBAYA: An ce idan aka cire wa kumurci haƙoran dafi ana iya ajiye shi lafiya. Haka ne?

AMSA: Ba haka ba ne, Malam. Haƙoran suna sake tsirowa, domin ko a daji maciji yana zubar da su yana maye gurbinsu. Cire jakar dafin kuwa nakasa dabba ce don jin daɗin mutum kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, kuma makarin dafi ba ɗaya ba ne ga kowane maciji, don haka wanda ya ajiye baƙon nau'i yana iya zuwa asibiti ya tarar babu makarinsa. A Birtaniya, dokar 1976 ta hana ajiye irin waɗannan macizai sai da lasisi. Haɗarin kuma bai tsaya kan mai shi ba, ya shafi maƙwabcin da ba a yi shawara da shi ba.

TAMBAYA: Na gaji da macijin da nake da shi. Ba zai fi masa alheri in sake shi a daji ba?

AMSA: Malam, sakin ba alheri ba ne. Wanda aka haifa a keji yana iya mutuwa da yunwa ko sanyi, wanda ya zauna da wasu macizai kuma yana iya kai wa na daji cutar da ba su da ita. Idan baƙo ne a wurin ya kuma rayu, ɓarnar ta fi girma. Manyan mesoshin ƙasar Bama ta nahiyar Asiya da suka kuɓuce ko aka saka a dausayin Ebagiles na jihar Fulorida sun hayayyafa sun cinye ƙananan namun dajin wurin, har Amurka ta hana shigo da su a 2012, kuma har yau ana farautarsu ba a gama da su ba. Ka fara tuntuɓar wanda ya sayar maka, idan ya ƙi karɓa ka nemi gidan namun daji ko hukumar kula da namun daji, ka miƙa musu shi tare da bayanin abin da yake ci da ranar da ya yi saɓa ta ƙarshe.