Layi a ƙasa da karkataccen rubutu aikinsu ɗaya ne, kada ki haɗa su

Ƙanwata, kin tambaya ko sunan littafi da sunan bishiya a cikin memuwar ɗinki, wato rubutun kammala karatunki na jami'a, layi za ki ja musu a ƙasa, ko karkatar da su za ki yi. Na yi shekaru ina buga wa ɗalibai takardu a shagona a nan Marwa ta Kamaru, tun kafin a buɗe jami'a a 2008, har na fara da tafireta.

A tafireta babu karkatattun haruffa. Idan muka zo kan sunan littafi, sai mu koma baya mu buga layi a ƙarƙashinsa, ma'ana: mai ɗab'i, karkatar da wannan. Ashe layin wakili ne kawai. Shi karkataccen rubutun, wanda Faransawa ke ce wa italik, ya girme mu duka; Aldus Manutius ya fara buga littattafai da shi a birnin Benis na Italiya a 1501, daga nan sunan ya fito. To yanzu da kike da kwamfuta, mai abu ya zo da kansa, wakili sai ya zauna. Da biro kike rubutu, ja layi. A Word kike, Ctrl da I.

Sunan littafi da na jarida, kamar Cameroon Tribune ko L'Œil du Sahel, ana karkatar da su. Amma taken maƙalar da ke cikin jaridar, a tsakanin alamun zance « » ake sa shi, a tsaye. Alƙur'ani kuwa da Linjila ba a saba karkatar da sunansu ba.

Sunayen kimiyya su ne inda ɗaliban noma ke yawan faɗuwa. Kuka ita ce Adansonia digitata, dawa Sorghum bicolor: duka kalmomin biyu a karkace, ta farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami, ko da daga sunan mutum ko gari aka samo ta. Da hannu kuwa, kowace kalma da nata layin, ba layi ɗaya dogo ba. Wata shekara na buga wa wani yaro aikinsa a kan muskuwari, wato dawar rani, ya matsa sai na karkatar na kuma ja layi na kuma kaurara, wai ya fi kyau. Malaminsa ya dawo da shi jajur da jan biro, muka sake bugawa shafi-shafi, ni na yi asarar takarda da tawada don ban iya cewa ya sake biya ba. Tun daga ranar ba na bin son ran mai aiki a wannan.

Shi ma muskuwari ɗin misali ne: kalmar Fulatanci ko Hausa a cikin rubutun Faransanci ana karkatar da ita. Amma in da Hausa kike rubutu, kada ki karkatar da mota ko kanti don an aro su. Sun daɗe da zama 'yan gida.

Don jaddada magana, kalma ɗaya ta isa, can ba a rasa ba. Wanda ya karkatar da rabin shafi kamar mai ihu ne a kasuwar Marwa ranar Litinin, ba wanda zai waiwayo.

A waya kuma ki guji layi gaba ɗaya, mutane za su ɗauka mahaɗin intanet ne su yi ta dannawa. WhatsApp ma ba shi da shi. Ki sa alamar _ gaba da bayan kalma, sai ta karkace. Kafin ki buga duka, ki kai wa mai duba aikinki shafi biyu ya gani, domin wasu sassan suna da nasu tsarin a rubuce, kuma shi ne zai sa hannu.