Filin Amsa Tambayoyi: Shin Zamanin Katin ATM Ya Wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma wa'adin katin ATM ɗina ya kusa cika. Na lura yawancin abokan cinikina ta waya suke turo kuɗi, har na fara ganin kamar sabunta katin ɓarnar kuɗi ce. Shin yana da sauran amfani nan gaba? Daga Alhaji Sani, Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, domin wanda ya zo sarin atamfa ko shadda ta miliyoyin naira ba kasafai yake miƙa kati ba, tiransifa yake yi. Amma ina ganin ka sabunta katinka.

Katin cirar kuɗi, wato wanda ke ɗebowa kai tsaye daga abin da mutum yake da shi a asusunsa ba tare da bashi ba, ya bunƙasa ne bayan Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da tsarin rage hada-hada da tsabar kuɗi a Legas a 2012, tsarin da ya iso Kano a 2013. Visa da Mastercard, kamfanonin Amurka, sun tarar da abokin gogayya na gida, wato Verve na kamfanin Interswitch, sannan a watan Janairun 2023 aka fito da AfriGo, katin ƙasa wanda ake sarrafa cinikinsa da naira a cikin gida, abin da ke rage wa bankuna biyan kuɗin hidima da dala.

Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ita ce ta koya wa jama'a tiransifa ala tilas, tun daga dillalan hatsi na Dawanau har zuwa mai shayin bakin titi. A nan ne kamfanoni irin su OPay da Moniepoint suka samu shiga. Sai dai ka duba, Alhaji, su kansu waɗannan kamfanoni kati suke raba wa masu asusu a wajensu, kuma su ne suka baza na'urorin POS a kowace unguwa. Da a ce kati ya mutu, da ba su zuba jarinsu a kansa ba. Abin da ya ja baya shi ne na'urar ATM ta jikin banki, wadda masu POS suka karɓe wa aiki.

Dalilin ɗorewar katin a fili yake. Ba ya buƙatar babbar waya, ba ya buƙatar data ko caji, kuma dattijon da ba ya iya karanta saƙon waya yana iya riƙe lambar sirri guda huɗu a kansa. Ga ɗan kasuwa irinka kuma, na'urar da ke hannunka ce take tabbatar da biya nan take, saɓanin hoton rasit da wani zai nuna maka a wayarsa, wanda ta nan masu alat na bogi suke cutar mutane. Ba na cewa katin ba shi da aibi, domin akan cire wa mutum kuɗi cinikin bai tafi ba, ya yi ta zarya kafin a mayar masa.

Game da gaba, a 2023 Babban Bankin ya fitar da ƙa'idojin biyan kuɗi ta hanyar kara kati a jikin na'ura ba tare da zura shi ba, kuma a hasashena nan ne katin zai fi ƙarfi, wato a ƙananan sayayya kamar gidan mai da kantin magani, yayin da tiransifa za ta ci gaba da riƙe babban sari. Idan ka je sabuntawa, ka tambayi bankinka ko katin yana aiki a shafukan ƙasashen waje, idan kana odar kaya daga Dubai ko Sin, domin ba kowane kati ne ke yin hakan ba.