Ku Tambayi Baba Fasto: Wai da gaske da zunubi ake haihuwar jariri?

Salama gare ku masu karatu. Wannan watan saƙonni sun taru a wayata sosai, sai na ga guda uku duk bakinsu ɗaya, kan maganar zunubin asali da ceto, shi ya sa na haɗa su waje guda. Waɗanda suka aiko tambaya kan aure da sadaki ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Baba Fasto barka da aiki. Ni Musulmi ne, ɗalibi a Zariya, wanda muke ɗaki ɗaya da shi a hostal Kirista ne ɗan Kagoro, muna zaman lafiya sosai har tukunya ɗaya muke yi. Rannan muna hira yake ce min wai a addininku kowa da zunubi ake haifarsa saboda abinda Annabi Adamu ya yi, na ce masa haba, jaririn da ko nono bai gama iya kamawa ba me ya yi? Mu a wajenmu Annabi Adamu ya tuba kuma Allah ya yafe masa, kuma ba mai ɗaukar laifin wani. Ya kasa yi min bayani sai ya ce in tambaye ka. Ba musu nake nema ba Baba, so nake in gane.

AMSA: Ɗana sannu, Allah ya ƙara muku zumunci kai da abokinka. Abinda ka faɗa game da addininka haka yake, a Baƙara aya ta 37 Adamu ya karɓi kalmomi daga Ubangijinsa aka karɓi tubarsa, a An'am aya ta 164 ba rai mai ɗaukar nauyin wani, ga kuma hadisin da ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa. Abinda zai ba ka mamaki shine mu ma muna da irin wannan magana, a Ezekiyel 18:20 an ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ma ba zai ɗauki na ɗa ba. Toh kenan in Kirista ya ce zunubin asali ba yana nufin jaririn ya aikata wani abu ba ne, sam.

Bari in kai ka ƙauye. Mutum na da gonar gado mai kyau, fadama ce ma, sai ya jinginar da ita ya ci kuɗin. 'Ya'yan da ya haifa bayan nan ko kwabo ba su ci ba, ba su sa hannu a takarda ba, ba su ma san ranar da aka yi cinikin ba, amma dai sun buɗe ido sun tarar gidansu ba gona, a gonar wasu suke ƙwadago, su ma 'ya'yansu haka za su taso. Ba wanda zai kai jikan nan gaban alƙali ya ce shi ya yi laifi, amma kuma ba wanda zai ce abin bai shafe shi ba. Abinda Adamu da Hawwa'u suka jinginar a Farawa sura 3 shine zaman kusa da Allah, zuciya mai tsabta, da rai marar mutuwa, mu kuma a bayan cinikin aka haife mu. Dubi yadda labarin ya tafi ma, sura ta 3 an ci 'ya'yan itace, sura ta 4 Kayinu ya kashe ƙanensa Habila, ko tsara ɗaya ba a tsallake ba. Shi ya sa Dawuda a Zabura 51:5 da ya zo tuba bai tsaya kan laifin da ya yi da matar Uriya kawai ba, ya ce tun daga cikin uwarsa yake mai zunubi, shi kuma Manzo Bulus a Romawa 5:12 ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo shi, ta bazu kan kowa.

Gaskiya zan faɗa maka, kalmar nan zunubin asali ba za ka same ta haka a rubuce cikin Littafi Mai Tsarki ba, malaman ikkilisiya ne suka sa wa koyarwar suna, kuma wanda ya fi kowa zama a kanta mutumin Afirka ne, Agustin, an haife shi a 354 a garin da yanzu ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya yi bishop a Hippo wato Annaba ta yau har ya rasu a 430. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare suka girgiza itace suka kwashi 'ya'yan, ba yunwa suke ji ba, a gida ma akwai waɗanda suka fi su daɗi, ƙarshe aladu suka watsa wa. Abin ya dame shi har bayan ya girma, me ya sa na ji daɗin ɓarnar don kawai ɓarna ce? Ni ina ganin wannan tambayar ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya, don duk uwar da ta yi goyo ta san ba ta taɓa zaunar da yaro ta koya masa ƙarya ko rowa ba, da kansa yake iyawa, gaskiya da kyauta ne sai an yi ta fama. Bahaushe ya ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, mu dai cewa muka yi ga inda ɗayar ta faɗi.

A zamanin Agustin akwai wani malami Felajiyus daga Birtaniya wanda ya ce a'a, kowa a wanke ake haifarsa kamar Adamu kafin ya faɗi, mugun misali kawai Adamu ya bar mana, in mutum ya dage zai iya cika umarnin Allah. An yi ta kai ruwa rana har taron bishop-bishop na Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu, ya ƙi koyarwarsa a 418. Amma kada ka ɗauka duk Kirista bakinsu ɗaya daga nan. Agustin da Latin yake karatu, Girkancinsa ba ƙarfi, kuma fassarar da ke hannunsa ta Romawa 5:12 cewa ta yi a cikinsa, wato cikin Adamu, kowa ya yi zunubi, alhali yawancin masu karanta Girkancin sun fahimce shi da domin kowa ya yi zunubi. Shi ya sa ikkilisiyoyin Otodoks na Girka da Rasha har yau suke cewa mutuwa da raunin hali muka gada, ba laifin Adamu kansa ba. 'Yan Katolika suna cewa hali ne da aka tarar, ba aiki ne da aka aikata ba. Masu bin Kalbin kuwa, ɗaya daga cikin manyan malaman Furotestan, sun fi tsanantawa, suna ganin Adamu wakilinmu ne, abinda ya sa wa hannu ya hau kanmu duka. Ni kam na fi karkata ga cewa gado ne na lalacewa, kuma kowa in ya yi wayo sai ya ƙara nasa a kai da hannunsa.

Inda muka rabu da ku ɗana shine wajen magani. Ku kuna cewa mutum mai mantuwa ne mai rauni, shiriya yake buƙata da tuba, Allah kuma mai gafara ne. Mu muna cewa shiriya ta zo, Attaura ta zo, amma wanda gonarsa ke jingine ko ka koya masa noma har ya ƙware gonar ba ta dawo ba, sai an fanshe ta. A Littafin Firistoci 25:25 doka ce, in talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa ɗan'uwansa na kusa ne zai zo ya fansa. Wannan shine dalilin da muke cewa dole Mai Ceto ya zama ɗan'uwanmu, mutum mai jini da tsoka, kuma wanda ba bashi a kansa, Yesu da kansa a Markus 10:45 ya ce ya zo ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa. Na san a Nisa'i aya ta 157 an ce ba a kashe shi ba ba a kuma gicciye shi ba, wannan bambanci ne babba, ba zan shafa masa mai in ce ƙarami ne ba. Amma ko ba ka yarda ba yanzu ka san abinda abokinka yake nufi, ka gaishe min da shi, ka ce masa Baba ya ce ya riƙa zuwa nazarin Littafi.

TAMBAYA: Baba ina kwana, daga Maraɗi nake rubuto maka. In dai ceto kyauta ne ba da aikin mutum ba, to me ye amfanin wahalar da nake sha ina ƙin cin hanci a wajen aiki? Ga wasu nan suna cocinmu suna yin abinda suka ga dama su ce ai alheri ya rufe.

AMSA: Ɗana lafiya lau. Waɗannan da kake gani Bulus ya riga ya amsa musu a Romawa 6, ya ce mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita? Ya ce sam, ko kaɗan. Afisawa 2:8 da 9 da suke riƙewa, cewa ta alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya ba ta ayyuka ba, su ƙara aya ɗaya kawai, ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka, Yakubu kuma ya ce bangaskiya ba ayyuka matacciya ce. Wanda aka fanso masa gonar ubansa ya bar ta ciyawa ta cinye, anya ya san abinda aka biya kuwa? Ƙin hancin nan da kake yi ba kuɗin gonar kake biya ba, an riga an biya, noman kake yi, ka riƙe shi da kyau ko da kai kaɗai ka rage a ofis ɗin.

TAMBAYA: Baba Fasto don Allah ka taimake ni, ni 'yar zumuntar mata ce daga wajen Kafanchan. Na haifi ɗa namiji wata huɗu da suka wuce, kwanansa tara a duniya zazzaɓi ya ɗauke shi, ba a yi masa baftisma ba don muna jiran in warware. Wata daga dangin maigidana ta ce min tunda da zunubin asali ya mutu ba zai ga Allah ba, kuma laifina ne da na yi jinkiri. Tun ranar bana iya bacci, ko coci na shiga in aka fara waƙa sai kuka. Baba ina ɗana yake?

AMSA: 'Yata, sannu, sannu da haƙuri, Allah ya ta'azantar da ke da maigidanki. Na karanta saƙonki sau uku kafin na iya ɗaukar biro. Abinda matar nan ta faɗa miki bai kamata ya fito daga bakin mai bi ba, kuma ba ta da ikon yanke wannan hukunci, ni ma bani da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar tana da tushe a tarihi, Agustin ɗin nan da na yaba a sama ya koyar cewa jariran da ba a yi wa baftisma ba suna ƙarƙashin hukunci ko da mafi sauƙi ne, kuma a nan ni ban bi shi ba. Daga baya wasu malaman Katolika suka kawo maganar wani waje da suke kira limbo, ba azaba amma ba ganin fuskar Allah, sai dai ba a taɓa mai da shi dokar bangaskiya ba, kuma a 2007 zamanin Fafaroma Benedict na 16 kwamitin malaman tauhidi na Vatican ya fitar da takarda cewa akwai dalilai masu ƙarfi na sa zuciya cewa irin waɗannan jarirai sun sami ceto. Su kuma irin su ECWA da Baptis da EYN ai ba sa yi wa jarirai baftisma tun farko, miƙa su ake yi ga Ubangiji sai sun girma sun furta da bakinsu, kina ganin duk 'ya'yansu da suka rasu a goye sun hallaka kenan? Ba cocin da ke koyar da haka a cikinsu. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ma ruwa bai taɓa kansa ba, amma a Luka 23:43 aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi.

Ki duba Romawa 5 ɗin nan da ake tsorata ki da ita, ki karanta har ƙasa, Bulus ya maimaita cewa kyautar ta fi laifin girma nesa ba kusa ba, inda zunubi ya yi yawa alheri ya fi shi yawa. In abinda Adamu ya yi ya iya kai wa ga ɗanki ba tare da ya sani ba, yaya abinda Yesu ya yi zai kasa kai masa? Shi ne fa ya tsawata wa almajiransa a Markus 10:14 ya ce ku bar yara ƙanana su zo wurina, Mulkin Allah na irinsu ne. Dawuda ma ɗansa ya rasu yana jariri, ya tashi ya yi wanka ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, ya ce ni zan tafi wurinsa, shi ba zai komo wurina ba, yana nan a 2 Sama'ila 12:23.

Jiran ki warware daga jego ba laifi ba ne 'yata, kowace mace haka take yi. Ki je wurin fastonki ko fada, ke da maigidanki tare, ku faɗa masa abinda aka ce miki don ya ja kunnen mai maganar, ku roƙa a yi addu'a a gida a kira sunan yaron. In kuma rashin baccin ya wuce sati biyu nan gaba yana nan, ki je asibiti ki faɗa wa likita, kada ki ji kunya. Ki sake rubuto min wata mai zuwa ki gaya min sunan da kuka sa masa, zan sa shi cikin addu'ata.