Aji biyu, matsakaici ɗaya, amma ba ɗaya suke ba

Ƙanina, ka ce malaminku ya ba ku aji biyu, kowanne matsakaicin makinsa 50, ya kuma ce ba ɗaya suke ba, abin ya ɗaure maka kai. Malam ya yi gaskiya. Ni a kasuwar Farin Gada ta Jos na gane wannan, lokacin ina riƙe wa Kawu littafin cinikin dankali.

Wani mako mun sayar da buhu 10, 12, 11, 9, rana ta biyar wani mai mota ya zo daga Kudu, ciniki ya kai 58. Na tara na samu 100, na raba biyar, matsakaici ya zama 20. Ina ji da kaina na ce, "Kawu, buhu ashirin muke sayarwa kullum." Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Wace rana ka ga mun sayar da ashirin?" Na yi tsuru-tsuru. Da ya biye mini ya saro kaya daga Bokkos a kan wannan lissafi, da ruɓa ta cinye rabi.

Da na jera su daga ƙarami zuwa babba, 9, 10, 11, 12, 58, na tsakiya 11 ne. Wannan shi ne cinikinmu na gaskiya, don lamba ɗaya mai girma ba ta iya jan na tsakiya yadda take jan matsakaici.

To ga ajujuwanka. A ce na farko sun ci 48, 50, 52, na biyu 20, 50, 80. Tazarar babba da ƙarami a can 4 ce, a nan 60. A na biyun akwai yaron da ya faɗi warwas, matsakaici ya rufa masa asiri.

Tazara lambobi biyu kawai take kallo, shi ya sa ake da ma'aunin warwatsuwa, mai auna yadda makin suka yi nisa da matsakaici. Ka duba nisan kowane maki daga 50: a aji na biyu, 30 ƙasa, sifiri, 30 sama. In ka tara su haka nan sifiri za ka samu, don haka sai ka ninka kowanne da kansa: 900, 0, 900. Ka raba 1800 gida uku, 600, ka fitar da tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 600, kusan 24.5. Aji na farko 1.6 kacal.

Kula da kalkuleta: in wani yanki ka ɗebo daga cikin ɗalibai da yawa, ana rage ɗaya daga yawansu kafin a raba, wato a nan da biyu ake rabawa, ba uku ba, sai ka ga 30 a aji na biyu, 2 a na farko. Kada ka ce ta lalace.